Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Kwana Biyar Ban Zagaya Ba

A makon jiya na tsaya a inda laulayi ya sake ni, cikina yana wata huɗu. Ina murnar amai ya tafi, ashe wata wahalar ce ke tafe, wadda kunya ta hana ni faɗa wa kowa, har maigidana.

Sai da na yi kwana biyar ban zagaya ba. Nakan shiga banɗaki in yi ta yunƙuri har ƙafafuna su sage, in fito ina gumi, ba abin da ya fita sai ɗan abu mai tauri kamar tsakuwa. Da na lura abin ya tsananta tun da na fara shan maganin ƙarin jini, sai na daina sha a ɓoye. Ranar da na ga ɗigon jini kuwa, na ɗauka cikin ne zai zube.

Ranar awo, da ƙyar na iya buɗe baki. Ma'aikaciyar jinyar, wata dattijuwa, ta duba ni ta ce, "'Yata, basir ne yunƙuri ya jawo miki, cikinki lafiya lau yake." Ta bayyana mini cewa sinadarin furojestaron, wanda ke sassauta mahaifa domin ta riƙe ciki, shi ne kuma ke sassauta hanji, sai abinci ya daɗe a cikinsa, jiki ya yi ta tsotse ruwansa har bahaya ta bushe. Da na amsa laifina game da maganin, ta yi mini faɗa sosai, ta ce ƙarancin jini ya fi taurin bahaya haɗari, sannan ta sa likita ya sauya mini wani.

Ta ce in riƙa shan ruwa kofi 8 zuwa 10 kullum, in yawaita ganyaye, wake da 'ya'yan itatuwa, in yi tafiyar minti 20, kuma kada in riƙe bahaya idan ta zo. Ta hana ni man zurma da wata ƙawata ta ba ni, domin yana iya tayar da naƙuda. Likita ya rubuta mini laktulos, maganin tausasa bahaya, wanda sai a kwana na biyu ya yi aiki.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ƙaramar kujerar da ta ce in ɗora ƙafafuna a kai, gwiwoyina su ɗara ƙuguna tsayi. Maigidana ya gan ni ɗauke da ita zan shiga banɗaki, ya tambaye ni dalili, dole na fasa ƙwai. Yadda muka kwashe da shi, sai mako mai zuwa.