Yadda Inna ta koyi shaƙar maganin huhunta

Mahaifiyata ta yi sama da shekara 30 tana suyar masa a unguwar Jahun, cikin garin Bauchi, kuma duk wanda ya san wannan sana'a ya san cewa mai masa tana zama a gaban murhu tun kafin kiran assalatu, fuskarta a saitin tanda, hayaƙin itace yana shiga idonta da hancinta har hantsi ya dubi ludayi. Ba ta taɓa shan taba ba, babu ma mai shan ta a gidanmu, saboda haka da tari ya fara kama ta duk hunturu, tana kwana tana kakin majina, mun ɗauka mura ce irin ta sanyi. Sai da ta kai ba ta iya zuwa bakin rijiya daga ɗakinta ba tare da ta tsaya ta dafa bango tana haki ba, sannan muka yarda cewa abin ya wuce mura.

A asibiti an fara da gwajin majina don a tabbatar ba tarin fuka ba ne, aka ɗauki hoton ƙirji, sannan aka sa ta busa iska da iya ƙarfinta cikin wata na'ura mai auna yawan iskar da huhu ke fitarwa, aka ba ta maganin shaƙa, aka sake gwajin bayan kamar minti 15. Likita ya ce da asma ce, da mafi yawan toshewar ta sake bayan maganin, amma ta Inna ba ta sake ba. Cutar ita ce wadda likitoci ke kira COPD, wato daɗaɗɗiyar toshewar hanyoyin numfashi: hanyoyin iska sun kumbura sun tsuke, majina ta yi yawa a cikinsu, ƙananan jakunkunan iska na huhu kuma sun saki, don haka iska tana shiga amma fitarta ta zama aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar ta kashe kimanin mutum miliyan 3.5 a shekarar 2021, a wannan shekarar ita ce ta huɗu cikin cututtukan da suka fi kisa a duniya, kuma bayan taba sigari, hayaƙin girki na itace da gawayi yana cikin manyan abubuwan da ke jawo ta a ƙasashe irin tamu.

An rubuta mata magani iri biyu. Na farko shi ne salbutamol, ɗan ƙaramin gwangwanin fesawa, wato inhela, cikin shuɗin marfi wanda mutane suka fi sani da Ventolin, aikinsa shi ne sassauta tsokar da ta kewaye hanyoyin iska domin su buɗe. Yana fara aiki cikin 'yan mintoci, ya ɗauki awa 4 zuwa 6, kuma ana amfani da shi ne idan numfashi ya sarƙe. Na biyu shi ne tiotropium, garin magani ne a cikin kafso, ana shaƙarsa sau ɗaya a rana, ya yi aiki na awa 24, ko tana jin daɗi ko ba ta ji. Likita ya gaya mana gaskiya cewa babu ɗaya daga cikinsu da zai mayar da huhun yadda yake a da, amma za su rage haki, su rage yawan tashin ciwon, su bar ta ta yi hidimarta da ƙafarta.

Wahalar farko daga bakin mutane ta zo. Masu zuwa dubiya sun riƙa gaya mata cewa duk wanda ya fara shaƙar inhela ba ya rabuwa da ita har abada, wai tana bin jiki, wai magani ne na wanda likitoci suka gaji da shi, gara ƙwaya ko allura. Inna ta ɓoye abin a ƙarƙashin katifa, ta koma aika jika kemis yana sayo mata salbutamol na ƙwaya, wanda ke sa hannunta karkarwa har ba ta iya riƙe kofin shayi. Na zauna na duba rubutun da ke jikin kwalayen biyu, na ga ƙwaya ɗaya miligiram 4 ce, fesa ɗaya ta inhela kuwa maikirogiram 100 ce, ma'ana a ƙwayar akwai ninki 40 na abin da ke cikin fesa ɗaya, kuma sai ta bi ciki da jini ta zagaye jiki duka kafin ta isa huhu. Maganin shaƙa kuwa kai tsaye yake zuwa inda ciwon yake, shi ya sa kaɗan ke isa. Batun rashin rabuwa da shi kuwa, ciwon ne ba ya tafiya, kamar yadda mai hawan jini ba ya daina shan maganinsa, kuma ban taɓa jin an zargi wannan magani da bin jiki ba.

Da ta yarda ta fara shaƙa, sai muka faɗa wahala ta biyu, wadda ita ce ta sa ni wannan rubutu. Wata uku tana amfani da maganin babu wani sauƙi, har muka fara zargin jabu aka sayar mana. Ranar da muka koma asibiti, wata malamar jinya ba ta tambaye mu komai game da kamfani ko farashi ba, sai ta ce, "Hajiya, ɗauko abin ki nuna mini yadda kike yi a gida." Inna ta zaro shi daga cikin jaka, ta buɗe baki, ta danna sau biyu a jere kamar mai fesa turare, ta haɗiye miyau, wani farin hazo ya fito ta gefen leɓenta ya bi iska. Malamar ta tambayi kafson, Inna ta ce, "Ai 'yar nan, da kunu nake haɗiye shi kowace safiya." Ina tsaye a wurin, kuma ni ne na sayo magungunan, ni ne mai karatun boko a gidan, amma ban taɓa zama na kalli yadda take yi ba. Wanda ya sayar mana ma bai nuna mana ba, ya miƙo leda ne kawai ya karɓi kuɗinsa.

Malamar ta ja kujera ta zauna kusa da ita, ta nuna mata daki-daki. A cire marfi a girgiza gwangwanin sosai, a zauna a miƙe, a fitar da iskar da ke ƙirji a hankali, sannan a sa bakin abin tsakanin haƙora a rufe leɓe a kansa. Idan an fara jan numfashi a hankali, a daidai wannan lokacin ake dannawa sau ɗaya, a ci gaba da ja har ƙirji ya cika, a riƙe numfashin kamar daƙiƙa 10 ko iya abin da mutum zai iya, kuma idan ana buƙatar fesa ta biyu, a jira kamar rabin minti a sake girgizawa. Wurin da ya gagari Inna shi ne haɗa dannawa da jan numfashi a lokaci guda, kuma malamar ta ce wannan yana gagarar tsofaffi da yawa. Sai ta kawo wata roba mai kama da gora, wadda ake saka inhela a ƙarshenta ɗaya a sa baki a ɗayan, maganin ya tsaya a ciki mutum ya shaƙe shi da numfashi 4 zuwa 6 ba tare da gaggawa ba. Ta ce wanda bai samu wannan ba zai iya fasa gindin tsabtatacciyar robar ruwa mai cin rabin lita daidai bakin inhela kafin ya samu ta gaske, domin an gwada hakan a kan yara masu asma a Afirka ta Kudu a 1999 aka ga yana aiki.

Kafson kuwa ba na haɗiya ba ne ko kaɗan. Ana ɓare shi daga takardarsa a daidai lokacin da za a yi amfani da shi, a saka shi cikin na'urarsa, a danna maɓallin da ke huda shi sau ɗaya, a fitar da numfashi nesa da na'urar domin damshin baki yana dunƙule garin, sannan a ja numfashi mai zurfi har sai an ji kafson yana kaɗawa a ciki, a riƙe, a sake ja karo na biyu domin garin ya ƙare. Da Inna ta ji wannan kaɗawar a karon farko, ta ɗago kai ta dubi malamar ta ce, "Ashe yana magana." Cikin mako biyu ta koma yin alwala a tsakar gida ba tare da an kai mata buta ɗaki ba.

Sauran abubuwan mun koye su da kaɗan-kaɗan. Shuɗin yana iya kawo 'yar karkarwar hannu da bugun zuciya, na kafso kuma yana busar da baki, kuma an gargaɗe mu kada garinsa ya shiga ido. Ga maza tsofaffi masu wahalar fitsari, ya kamata likita ya sani kafin su fara. A zafin Bauchi na watan Maris da Afrilu ba a barin gwangwanin a rana ko cikin mota ko kusa da murhu. Bakin robar ana wanke shi da ruwan ɗumi duk mako a bar shi ya bushe da kansa, bayan an zare gwangwanin. Fesa 200 ce a ciki, kuma yana iya ci gaba da fitar da iska bayan maganin ya ƙare, shi ya sa ƙanwata take rubuta ranar da aka buɗe sabo a bayan kalanda, tana lissafin abin da aka yi. Tun bayan faɗuwar darajar naira a 2023 kuɗin maganin ya yi tashin da ya sa na ga mutane suna jinkirta saye har sai ciwo ya tashi. Mu dai mun raba nauyin tsakaninmu 'ya'ya, muna saye a kantin magani mai rajista, muna duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Da azumi ya matso, ta nemi in tambayo mata hukunci. Malamai sun saɓa a kan ko fesa maganin shaƙa yana karya azumi, kuma malamin unguwarmu ya bayyana mata ra'ayoyin biyu tare da rangwamen da shari'a ta yi wa mara lafiya. Na kafso ba shi da matsala, tana shaƙarsa kafin sahur. Abin da na roƙe ta shi ne kada ta daure da sarƙewar numfashi tana jiran magariba.

Malamar ta kuma lissafa mana alamomin da ba a zama da su a gida: idan shuɗin ya daina kai ta awa 4, idan majina ta ƙaru ko ta koma ruwan ɗorawa ko koriya, idan zazzaɓi ya shigo, idan ba ta iya ƙarasa magana sai ta tsaya jan numfashi, ko leɓenta ya canja launi, ko ta fara ruɗewa. Sau ɗaya hakan ya faru, a wani dare mai hazo cikin watan Janairu, kuma mun isa asibiti da wuri.

Barin tanda ya fi mata komai ciwo, domin da kuɗin masa ta biya mana makaranta. Matar ƙanina ce ke suyar yanzu, a fili ba cikin rumfa ba, girkin gida kuma mun mayar da shi kan gas. Inna takan zauna daga nesa, ta inda iska ba ta kaɗo hayaƙi, ta rufe hanci da gyale idan ƙura ta taso, inhelarta da robar suna cikin jakar da take ajiye carbi, tana ɗanɗana ƙullun tana faɗin ko ya tashi ko da saura.