Godiya Ga Jama'ar Hanyar Kano Zuwa Daura Bayan Tafiyarmu Ta Keke

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

A madadin abokan tafiyata da muka hau kekunan tsere daga Kano zuwa Daura a ƙarshen kakar bana, ina miƙa godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da ya kai mu ya dawo da mu, sannan ga bayinsa da suka tsaya mana a hanya, waɗanda yawancinsu ba mu taɓa haɗuwa da su ba, kuma ba lallai ne wannan rubutu ya isa gare su ba. 'Yan'uwa da dama sun ji labarin faɗuwar da ɗaya daga cikinmu ya yi a ƙasar Kazaure, sun yi ta kira suna tambayar jiki. Ina sanar da su cewa an sallame shi daga asibiti, yana gida yana samun sauƙi. Karaya ce a wuyan hannun hagu, sai ƙujewa a kafaɗa da cinya, amma kansa bai taɓu ba, domin hular kwanon da ya sa ita ce ta daki kwalta har ta tsage.

Tsakanin Kano da Daura ya haura kilomita 120, shi ya sa muka tashi bayan sallar asuba, domin mu wuce Dawanau kafin manyan motocin da ke lodin hatsi a kasuwar su cika titi. Direbobin tirela da na motocin haya da suka rage gudu, suka kauce mana, wasu har da ɗaga hannu, suna da kasonsu a wannan godiya. Duk wanda ya nufi Daura da keke a farkon hunturu, da iska zai yi ta kokawa, saboda daga arewa maso gabas take tasowa, tana bugun ƙirjinsa. Dabarar ita ce a jeru a layi ɗaya, na gaba ya tare wa na baya iska, idan ya gaji ya koma ƙarshe wani ya karɓa. Har muka wuce Dambatta ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ga dammunan gero an tara a gonaki, ga dawa ta sunkuyar da kai tana jiran yanka, ga riɗi an ɗaure an jingina yana bushewa. Sai da muka kusa Kazaure, masarautar da Dantunku ya kafa a farkon ƙarni na 19, wadda ta koma jihar Jigawa da aka ƙirƙiro a 1991, ƙasa ta fara hawa da gangara, duwatsu suka bayyana dama da hagu, ƙauyuka da rumbunansu suka laɓe a gindin tuddai. A ganina babu inda ya fi wannan yanki daɗin hawan keke a kusa da Kano, kuma babu inda ya fi shi neman natsuwa, domin a gangara keken tsere yana iya wuce kilomita 50 a awa ɗaya, alhali faɗin tayarsa bai kai santimita 3 ba.

Mun ratse daga babban titi muka bi hanyar Roni domin mu ga tuddan da kyau, kuma a nan ƙaddarar ta same mu. A ƙasan wata gangara akwai kwana, ruwan damina ya janyo yashi ya shimfiɗa shi a kan kwalta, tayar gaban ɗan'uwanmu ta shiga yashin ta zame, ya faɗi a kan hannunsa.

Mutum na farko da ya iso wurinmu wani dattijo ne da ke tahowa daga gona da amalanken shanu cike da gero. Bai tambaye mu ko mu su wane ne ba. Ya tsayar da shanunsa, ya ga wasunmu na ƙoƙarin ɗaga mara lafiyan, sai ya ce, "Ku dakata, 'ya'yana, kada wanda ya ja masa hannun nan." Ya sauke dammunan geronsa a bakin hanya, ya bar su ba mai gadi, ya shimfiɗa buhuna a cikin amalanken, muka kwantar da shi, ya riƙa jan shanun a hankali yana kauce wa ramuka har ƙofar gidan mai unguwa. Baba, Allah ya saka maka da alheri, ya sanya albarka a cikin amfanin gonarka da zuriyarka.

Mai unguwa, Allah ya ƙara masa girma, ya buɗe mana zaurensa, ya sa aka kawo tabarmi da ruwan randa, ya kori yaran da suka yi cincirindo a ƙofa suna leƙen kekunanmu, sannan ya aika aka kirawo mai ɗorin garin. Wannan bawan Allah ya yi abin da ya ƙara masa daraja a idona. Ya shafa hannun a hankali da yatsu biyu, ya dubi mai unguwa ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan a gaɓa take, ba zan taɓa ba sai an ɗauki hoton ƙashi." Abin da ya yi kawai shi ne ya fasa karan dawa, ya jera su a gefen hannun, ya naɗe da tsumma mai tsabta domin kada ya motsa a mota. Da muka isa asibiti, likitan da ya kwance ɗaurin ya yaba da shi. Mai sana'ar da ya san inda iyawarsa ta tsaya, kuma ya faɗa a gaban jama'ar garinsu ba tare da jin kunya ba, ya cancanci a gode masa a bainar jama'a. Haka nan muna gode wa matashin da ya sauke fasinjojin da ya fara ɗauka, da yardarsu, ya kai mu asibiti, da ma'aikatan jinya da likitocin da suka karɓe mu ba tare da ɓata lokaci ba.

Akwai kuma mai gyaran keke da ke zaune a ƙarƙashin wata tsamiya a bakin kasuwar ƙauyen. Aikinsa na kullum kekunan Phoenix da Raleigh ne, waɗanda manoma ke ɗora wa buhun hatsi da jarkokin ruwa, amma da aka kawo masa keken da ya faɗi, da ƙafar gaba a lanƙwashe, bai ce ya fi ƙarfinsa ba. Ya kifar da shi, ya riƙa juya ƙafar yana kallon inda take gogar birki, yana ɗaure wannan waya yana sassauta waccan, har ta daidaita. Kafin ya gama, tayoyin biyu daga cikin kekunanmu sun sace, domin tsidau ya cika gefen hanyar da muka jingine su. Ya tsoma roba a cikin kwanon ruwa, ya gano hudar ta wurin kumfa, ya goge, ya shafa gam, ya liƙa faci. Da ya zo yin iska sai bakin famfonsa ya ƙi kama siririn bawul ɗin kekunanmu. Ya yanko guntun tsohuwar roba ya naɗa a kai, iska ta shiga. Da ƙyar ya karɓi kuɗin gam da faci, na aikin hannunsa kuwa ya ce mu bar shi sadaka saboda mara lafiya. Malam, Allah ya buɗa maka kasuwa. Matan Fulanin da suka dama mana fura da nono a wurin, suka ƙi karɓar kuɗin ƙwarya ɗaya, su ma muna gode musu.

Mara lafiyan da kansa ne ya matsa cewa sauranmu su ƙarasa tafiyar, bayan 'yan'uwansa sun iso daga Kano. Mun bi ta Sandamu muka shiga Daura, inda wani aminin mahaifin ɗaya daga cikinmu ya sauke mu a gidansa, iyalinsa suka yi mana hidimar da ba za mu iya biya ba. Masu kula da rijiyar Kusugu sun karɓe mu hannu bibbiyu duk da ƙurar da ke jikinmu, suka ba mu guga muka ja ruwa muka sha, suka maimaita mana labarin Bayajidda da sarauniya Daurama da macijin da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Wani dattijo a cikinsu ya ƙara mana da abin da ba kowa ke ambata ba, wato yadda sarakunan Haɓe na Daura suka koma Zango bayan jihadi, har zuwa 1906 da Turawa suka mayar da gidansu kan karagar Daura. Mun ji daɗin zama da shi ƙwarai.

Godiya ta musamman ga iyayenmu da iyalanmu da hankalinsu ya tashi a ranar, da duk waɗanda suka taimaka da kuɗin magani ko suka je dubiya ko suka yi addu'a daga nesa. Ban ambaci sunan ƙauyen ko na mutanensa ba saboda ban nemi izininsu ba. Da zarar likita ya cire wa ɗan'uwanmu filasta, mun yi niyyar komawa tare da shi mu gaishe da mai unguwa da Baba mai amalanke ido da ido, mu kuma kai wa mai gyaran keke famfon da bakinsa ke kama kowane irin bawul. Wanda yake son raka mu, a keke ko a mota, sai ya yi mini magana. Allah ya saka wa kowa da mafificin alheri, amin.