Baƙaƙen Maɓallai

Saƙon ya shigo imel ɗina da daddare, ina situdiyo a Jekadafari ina haɗa wa wata amarya kiɗan kamu. Wata kwalejin kiɗa ce ta Amurka da na cike fom ɗinta tun Nuwamba, ina neman gurbi da sikolashif. Sun sa mini ranar gwaji: Asabar ta ƙarshen Janairu, ƙarfe 10 na safe agogonsu, ta bidiyo kai tsaye. Da sanyi awa 6 ne tsakaninmu da gabashin Amurka, ke nan ƙarfe 4 na yamma a Gombe. Can ƙasan saƙon ne na ga layin da ya hana ni barci. Wai mai neman gurbin fiyano ya zauna gaban fiyano na gaske, ko wanda ke da maɓallai 88 masu nauyi, kuma kyamara ta riƙa ganin hannuwansa biyu.

Namu na situdiyo Yamaha ne mai maɓallai 61, ko ƙuda ya sauka a kai sai ya yi kuka. Na zaga gari kwana huɗu. Inda na samu ɗaya, ba a yarda baƙo ya taɓa ba. Wani abokina ɗan Billiri da ke kaɗa wa cocinsu ne ya ce in je Bauchi, unguwar Yelwa, in nemi tsohon da ya koya masa, wanda kowa ke kira Baba Sajan. Ya yi shekaru a rukunin badujalar ’yan sanda kafin ya yi ritaya.

Daren Laraba na durƙusa gaban Abba na faɗa masa. Malamin makaranta ne, shekara 30 yana riƙe da alli. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, “Mu dai ba mu gaji roƙo ba.” Tun ranar da na fara zuwa situdiyo wannan ce maganarsa, ba ya ƙari ba ya ragi. Bai ce kar in je ba. Umma ce ta biyo ni zaure ta cusa mini kuɗin mota a aljihu, ta ce in na dawo kar in shigo mata gida babu masar Bauchi.

Da asubahin Alhamis na shiga Sharon a Tashar Bauchi. Hazo ya rufe gari ruf, direba na tafe da fitila har gari ya waye. Kilomita 150 da ’yan kai ne, tafiyar da bai kamata ta wuce awa biyu da rabi ba in hanya ta yi wa mutum kirki. Mun wuce mararrabar filin jirgin Lawanti lafiya, kafin mu shiga Bara mota ta fara tururi. Muka firfito, yaron mota ya tafi neman ruwa da galan.

Cikinmu akwai wani dattijo da tun daga tasha ya hana a sa buhunsa a but, ya rungume abinsa a cinya. Da muka zauna bakin titi ya kwance buhun yana duba ko sanyi ya taɓa fatar. Kalangu ne, biki zai je Alkaleri. Ya saƙala shi a hammata, ya matse tsarkiya, ya ɗan taɓa sau biyar shida. Ban san lokacin da na yi dariya ba, don ƙarara na ji kalangun na cewa direba ya cuce mu. Ya dube ni ya ce, “Samari, kana jin baki ke nan. Ɗan gidan wa?” Na ce ba ɗan gidan kiɗa ba ne, amma kiɗa zan je karanta.

“Karanta? A takarda?”

Na ce e.

“Ikon Allah. To ubana da ya mutu bai san alif ba, wa ya sa masa hannu a takardarsa?” Fasinjoji suka kwashe da dariya, ni ma na taya su don ba ni da amsa. A Alkaleri ya sauka, ya ce in na gama karatun in zo ya gwada ni.

Daga nan sai gadar Dindima, kogin Gongola ya janye ya bar yashi da masu wanki, ga kwanar da ke kai mutum Yankari ta hagu. Azahar ta kusa muka shiga Bauchi. Na hau Keke Napep zuwa Yelwa.

Baba Sajan gajere ne, kansa fari fat, yana tafe kamar har yanzu fareti ake. Fiyanon na falonsa an lulluɓe shi da zanen gado. Na katako ne, irin mai tsayuwa jikin bango, ya ce daga wata makarantar mishan ya saye shi lokacin da za su jefar. Ya buɗe murfin ƙasa ya nuna mini kwanon ruwa da ya ajiye a ciki saboda hunturu, don iskar na busar da katako ta sassauta wayoyi. Maɓalli ɗaya can sama ya mutu, in ka danna sai dai ka ji ƙwas.

“Zauna, ɗana. Buga mini abin da ka iya.”

Na zauna na zuba masa duk gwanintar da ke sa mawaƙan Gombe layi a ƙofar situdiyonmu. Yatsuna sun sha wuya, don waɗannan maɓallan sai ka danna da gaske guduma ke dukan waya, amma na kai ƙarshe. Ya gyaɗa kai.

“Da kyau. Maimaita mini shi a C.”

Hannuna na hagu ya tashi da kansa ya nufi inda madannin taransifos yake a Yamaha. Katako na taɓa. Baba Sajan ya yi dariya har da tari.

Wanda bai san aikinmu ba, ga abin da ya faru. A fiyano, kowane zagaye na sauti maɓallai 12 ne, farare 7, baƙaƙe 5. Yawancin waƙoƙinmu na Hausa a kan sauti biyar suke tafiya, kuma baƙaƙen nan biyar sun yi daidai da su kamar an auna. Saboda haka yaron situdiyo kan baƙaƙe yake koyo. In mawaƙi ya ce ki ɗin, wato matakin sautin da aka ɗora waƙar a kai, ya yi masa sama, sai ka danna madanni, na’ura ta sauke sautin, yatsunka na nan inda suka saba. Shekara shida ina kiɗa, ana kirana gwani, ashe a ki ɗaya tak nake zaune kamar ɗan haya. Babu wanda ya taɓa gaya mini, don duk wanda na sani haka yake yi.

“Kwana biyu gare mu,” in ji Baba. “Ba zan iya ba ka duka ki 12 ba. Zan ba ka uku: C, F da G. Sauran kuma kar ka yi musu ƙarya.”

Haka muka wuni. Do re mi hawa da sauka, babban yatsa na kutsawa ƙarƙashin sauran, shi kuma yana buga sandarsa a ƙasa yana ƙirga. Da dare ya ɗauko takardar nota ya nuna mini layuka biyar da ɗigogin da ke zaune a kansu. Na san su a YouTube, amma sanin da na yi musu irin na wanda ya haddace baƙi bai iya haɗa su ba ne.

Muna cin tuwo ya tambaye ni me ya sa na tsallake Legas na nufi Amurka. Ya ce ga makarantar MUSON a Onikan, difloma ta shekara biyu, kuma tun 2006 gidauniyar MTN ke ɗaukar nauyin ɗalibai a can. Ga sashen kiɗa a jami’ar Nsukka, ga na Ife. Na ce Baba, na duba. Legas na son shaidar gired 5, a aikace da kuma a rubuce, ni ko gired 1 ban taɓa zama ba. Jarrabawar nan hawa takwas ce, akwai ta ABRSM ta Ingila, akwai ta MUSON ɗin kanta. Kiɗa na cikin darussan WAEC da JAMB, amma tun daga firamare har na gama sakandare ban taɓa ganin malaminsa ba. Su kuwa waɗannan na Amurka ba su nemi takardar gired ba, sun ce su dai su ji da kunnensu. Ya ce, “A nan arewa mai son karatun nota, in bai shiga coci ba, sai bariki.” Ban musa ba.

Kar wani ya ɗauka neman sikolashif kyauta ne. Kafin a kai ga jin ko sauti ɗaya daga hannuna na yi fasfo, na biya kuɗin fom da dala ta katin wani kawuna, na nemo wasiƙun shaida biyu, na rubuta bayanin kaina da Turanci har sau bakwai ina yagewa. Kuɗin waƙoƙin biki huɗu suka tafi a nan.

Ranar Juma’a Baba ya sallame ni in je masallaci. Na yi salla a babban masallacin da ke kusa da fada, na tsaya cikin jama’a ina jin algaita da kakaki. Na ƙura wa wani mai algaita ido, kumatunsa sun kumbura kamar balan-balan, yana shaƙar iska ta hanci yana busawa ta baki, sautin bai yanke ba ko sau ɗaya. Turawan da ke busa sai sun yi wata da watanni suna koyon wannan dabarar. Mu kuwa muna jin daɗin busar, tsikar jikinmu na tashi, amma in mai busar ya zo neman aure gidanmu sai a fara tambayar asali. Abin nan na ci mini tuwo a ƙwarya, kuma Abba na cikin masu yin sa.

Asabar tun ƙarfe 3 aka ɗauke wuta. Jikan Baba ya ja janareta can bayan gida don kar ƙararsa ta shigo. Muka ɗora wayata kan keken ɗinkin Mama, matar Baba, muka tokare ta da littattafai har ta kama hannuwana. Na yi La’asar a tsakar gida, na zauna. Tafin hannuna sai gumi yake, ga sanyi.

Mutum biyu suka bayyana, mace da namiji. Na gaishe su, na gaya musu tun farko cewa maɓalli ɗaya ya mutu, suka yi murmushi. Abin da na shirya waƙar niƙa ce da kakata, mahaifiyar Abba, ke yi a bakin dutse. Na sa hannun hagu yana tafiyar dutsen, gaba da baya, dama na rera waƙar. Na fara a baƙaƙena, a tsakiya na sauko da ita F kamar yadda muka sha wuya a kai. Na yi tuntuɓe sau ɗaya, na wuce.

Sai suka sa takardar nota a allo suka ce in karanta. Nan na zube. Gaɓa huɗu na yi ina lalube kamar makaho a kasuwa, na tsaya, na ce musu wata uku ke nan da fara koyo. Matar ta rubuta wani abu. Ta gefen ido na hango Baba Sajan a bakin ƙofa ya runtse ido.

Daga nan namijin ya ce in juya wa fiyano baya. Zai buga sauti, in maimaita da baki. Ya buga uku, na mayar. Ya buga biyar, na mayar. Ya ƙara tsawo, ya sa wani karkatacce a tsakiya, na mayar masa har da karkatar. Ya koma tafa hannu: shi zai riƙe biyu, ni in shiga da uku a kai. Wannan ai lugude ne. Duk wanda ya tashi a gidan da mata biyu uku ke daka a turmi ɗaya, da shi aka yaye shi. Na shiga, na ƙara masa da salon da kalangun Bara ya yi. Ya daina tafin yana dariya, ya ce a ina na koyi wannan. Na ce a tsakar gida. Ƙarshe suka sa kiɗan bulus, wani salon kiɗan Amurka, mai gaɓa 12 a F suka ce in yi yawo a kai yadda na ga dama. Shi ma ashe sauti biyar ɗin nan ne ƙashin bayansa, sai na ji kamar na je baƙunta na tarar da ’yan garinmu.

Duka-duka minti 15. Hirar da ta biyo baya ta fi gwajin sanyaya mini jiki. Wata jami’a ta yi mini bayani a fili cewa yawancin tallafin da ake bayarwa wani kaso ne na kuɗin makaranta, ba duka ba, kuma kafin a aiko wa ɗalibi takardar I-20 da zai nemi biza da ita, sai ya nuna a banki cewa yana da cikon, har da na ci da kwana. Bayan an kashe waya muka buga lissafin da naira ni da Baba a bayan takardar nota. Ya kalli adadin ya cire tabarau ya goge, ya ce, “Ko rabi suka yafe maka, sai an sayar da layinku.” Shawararsa ita ce duk yadda ta kaya in zauna jarrabawar gired, in kuma nemi Legas baɗi. Ya ba ni wani tsohon littafin atisaye da bangonsa ya cire, ya ce duk ƙarshen wata in zo da shafi goma a yatsuna. Na kawo kuɗi, ya ce in mayar aljihu kafin ransa ya ɓaci.

Da safiyar Lahadi na tsaya Wunti na sayi masa mai zafi cike da leda biyu. Motar dawowa ba ta yi tururi ba. A Alkaleri na leƙa ta taga ko zan ga dattijon, ban gan shi ba.

Na tarar da Abba a zaure kan tabarma, rediyo a gefensa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, ya tambayi hanya.

“Sun ce me?”

“Sai ƙarshen Maris za su faɗa, Abba.”

Ya yi shiru. Har na yunƙura zan shiga ciki ya ce, “Ƙanwarka ta ce waƙar Inna ka buga musu.”

“Ita ce.”

“Sun ji abin da take cewa?”

“Babu baki, Abba. Kiɗan ne kawai.”

“To ai ba su ji komai ba,” in ji shi. Ya miƙa hannu ya zari masa ɗaya daga ledar Umma, ya ƙara muryar rediyonsa.