Siminti kusan kuɗi ɗaya ne, fili ke raba Yamai da Tawa

Ana yawan cewa gina gida a Tawa ya fi na Yamai araha nesa ba kusa ba. Rabin maganar gaskiya ce. Ginin kansa, wato siminti da ƙarfe da kwano da ladan magini, tazararsa tsakanin biranen biyu ba ta taka kara ta karya ba. Abin da ke raba su shi ne ƙasar da za a ɗora ginin a kanta, da abubuwan da ke manne da ita: nisa, ruwa, da takarda.

Mu fara da siminti, tunda shi ne ke da farashi a rubuce. A watan Oktoba na 2024 gwamnatin Nijar ta ƙayyade tan ɗaya na siminti mai lamba 32.5 a kan jika 55 (jika ɗaya sefa dubu ce) a Yamai, jika 51 a Tawa, domin masana'antun Malbaza da Badagishiri a jihar Tawa suke, mota ba ta yin nisa. Tan ɗaya buhu 20 ne mai kilo 50. Bambancin ke nan jika 4 a tan, dala arba'in a buhu. A kasuwa farashin kan goce wa abin da aka ƙayyade, musamman in kaya ya yi ƙaranci, amma tazarar ba ta cika wuce haka sosai ba.

Ga fili mai faɗin mita 20 da tsawon mita 20, murabba'in mita 400. Katangarsa mita 80 ce, a cire wajen mita 4 na ƙofa. In tsayinta mita 2 ne, kuma kowane murabba'in mita yana cin bulo 12 da rabi na mai lamba 15, za a nemi bulo 1,900, a ce 2,000 saboda masu fashewa. Bulo na kirki ana fitar da kamar 30 daga buhu ɗaya, buhu 65 zuwa 67 ke nan, tan uku da ɗoriya. A haɗa da harsashi da ginshiƙai da kwaɓin jera bulo, katangar za ta lashe wajen tan biyar. Rangwamen da mai gini a Tawa ya samu a katanga duka jika 20 ne. Gida mai ɗaki uku da falo da rufin kankare, wanda zai ci tan 25 zuwa 30, rangwamensa bai wuce jika 120 ba. A aikin miliyoyi, wannan kuɗin ƙofa ɗaya ce da taga.

Sauran kayan ma ba kullum Tawa ke cin riba ba. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, kayan da ke zuwa ta teku sun koma bin Lome da Burkina, su sauka Yamai, sannan su kama hanyar Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni, fiye da kilomita 500 kafin Tawa. Abin da ke ceton Tawa shi ne kusancinta da Ƙonni da kasuwar Illela: kwano da fenti da bututu da wayar lantarki na Najeriya suna yin sauƙi in naira ta faɗi, su yi tsada in ta farfaɗo.

To, fili. Ƙidayar 2012 ta sami mutum sama da miliyan ɗaya a Yamai, Tawa kuwa kusan dubu 150. Ma'aikatu, ofisoshin jakadanci, manyan asibitoci, hedikwatar bankuna, duk a Yamai suke, kowa kuma so yake ya kwana kusa da inda yake neman abinci. Shi ya sa fili tsirara a Filato ko Kwara Kano zai iya fin kuɗin gida ginanne da fenti a Tawa. Amma ita Yamai ɗin ba kasuwa ɗaya ba ce. Tsakanin Filato da bayan Cangarai ko can gaba da filin jirgin sama akwai tazarar farashi da ta fi wadda ke tsakanin gefen Yamai da tsakiyar Tawa. Don haka in dillali ya faɗi kuɗi, a raba shi da murabba'in mita tukuna. Fili mai mita 300 da mai mita 500 duka "farsel" ake ce musu, kuma da wannan ake rikita mai saye.

Fili mai araha a bakin gari yana da kuɗin da ba a faɗa ranar ciniki. Na farko ruwa. In bututu bai iso ba, da ruwan ga-ruwa ko na tanka za a yi gini, kuma bulo yana son a shayar da shi safe da yamma aƙalla kwana bakwai, kankare kuma ba ya kai ƙarfinsa sai ya kwana 28. Inda ruwa ke tsada, ma'aikata kan rage shayarwa, su kuma ja buhu ɗaya ya haifi bulo 45 ko 50. Gane shi ba wuya. A ɗauki bulo ɗaya a goga babban yatsa a kusurwarsa: in yashi ya zubo kamar garin kwaki, an cuci siminti. A ɗaga shi daidai ƙugu a sake shi a kan ƙasa mai tauri: na kirki zai tsaya ko ya ɓantare a gefe, na ha'inci zai watse. Wannan matsala ta fi ciwo a Tawa cikin bazara, don ruwan ƙasar Adar, wato yankin Tawa, yana da zurfi, famfo kuma yakan ɗauke. Mai dabara yana buga bulonsa da kaka ko lokacin sanyi.

Na biyu wuta: in turakun NIGELEC ba su iso layin ba, ko dai maƙwabta su yi karo-karo a ja layi, ko a sayi faranti mai aiki da hasken rana da batir. Na uku zirga-zirga. A ce magidanci yana kashe jika ɗaya kullum tsakanin faba-faba da taksi, kwana 26 na aiki jika 26 ne a wata, jika 312 a shekara, ban da na yara ƴan makaranta. A Tawa wannan lissafin kusan babu shi. Daga unguwar Kuwait ko Wadata zuwa kasuwa tafiyar ƴan mintoci ce a babur.

Akwai kuma arahar da ya kamata ta tsorata mai saye. Gadar Kennedy ta 1970, ta biyu ta 2011, da ta Janar Seyni Kountché ta 2021 sun matso da Harobanda, wato tsallaken kogin Yamai, kusa da gari, filaye suka yi daraja. Amma a Satumbar 2020 kogi ya kai santimita 700 a ma'aunin Yamai, madatsar Lamorde ta ɓalle, unguwanni irin su Karaje da Kirkisoyi suka sha ruwa. Damanar 2024 ma ta rusa gidaje da yawa a faɗin ƙasa, har da jihar Tawa. Fili a kwari, ko a bakin kwarin Gunti Yena na Yamai, ko kusa da tafki, ba a dubansa a watan Maris. A je a watan Agusta, kwana ɗaya bayan ruwan sama. In ba a iya jira ba, katangun maƙwabta za su ba da labari: akwai layi mai duhu da ruwa ke bari a jikin bango, da farin gishiri-gishiri a gindinsa inda yaɓe ke ɓarewa, da dakalin da aka ɗaga a bakin kowace ƙofa. In ka ga gidaje uku a jere sun yi wa ƙofarsu dakali har gwiwa, ka san abin da ake tarewa. Cike irin wannan fili da jar ƙasa, tifa bayan tifa, da ɗaga harsashi, yana iya cinye duk rangwamen.

Takarda ita ma farashi ce. Filin da ke da shaidar gado ko ta sayen gona kawai, ba a yi masa lotisma ba, wato yankan filaye na hukuma, shi ya fi araha, don wata rana ana iya zana hanya ta ratsa tsakiyarsa. Sama da shi akwai mai takardar mallaka ta magajin gari, wadda ake kira akt da sesiyon, ɗauke da lambar rukuni da harafin fili. Sama da duka akwai titir fonsiye, takardar mallaka ta dindindin, wanda banki ya fi yarda da shi a jingina. Tun 2006 akwai sauƙaƙƙiyar hanyar samunsa da aka raɗa wa suna Sheda. Abin da ya fi yawan faruwa shi ne sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ko uku, ko magaji ɗaya ya sayar ba da sanin ƴan uwansa ba. Kafin a biya ko dala, a kai lambar filin zuwa ofishin filaye a ga sunan wa ke cikin rajista, a ɗauki mai awon ƙasa ya nuna duwatsun iyaka huɗu da idon mai saye, a yi cinikin gaban notar, jami'in da ke shaida takardun ciniki, a kuma juya sunan nan take. Yamai ta fi fama da wannan, saboda lotisma masu zaman kansu sun yi yawa, kuma tun farkon shekarun 2000 da aka biya ma'aikata bashin albashi da filaye, takardu ke yawo hannu zuwa hannu, wasu masu su ba su taɓa taka wurin ba.

Araha kuma da aljihu ake auna ta. Mafi ƙarancin albashi a hukumance jika 42 ne tun Janairun 2024. Bankuna, har da Bankin Gidaje na Nijar da aka buɗe a 2018, ba su cika yarda biyan wata ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashi ba. A ce ma'aikaci yana ɗaukar jika 150, zai biya jika 50 a wata. In ruwan bashin kashi 9 cikin ɗari ne a shekara, za a biya cikin shekara goma, abin da za a ba shi bai cika miliyan huɗu ba. Albashin malami ko ma'aikacin jinya ɗaya ne a biranen biyu, to amma miliyan huɗun a gefen Tawa tana iya kawo fili da katanga da ɗaki, a Yamai kuwa sau da yawa a filin take ƙarewa. Wanda ba ya cin albashin gwamnati kuma lissafinsa daban: a Tawa fili na da sauƙi, kuɗin ne ba ya zagayawa kamar Yamai. Manyan gidajen da ke tashi a can da yawansu kuɗin ƴan bida ne, wato masu fita neman kuɗi, na Abijan da Libiya da sauran wurare, kuma su ne ke ɗaga farashin filayen bakin gudron fiye da ƙarfin mazauna garin.

Mai gini don haya ya lura da wannan sosai. Tunda kuɗin gini kusan ɗaya ne, hayar Yamai kuwa ta fi, jerin ɗaki-da-falo a Talaje ko Banifandu zai mayar da kuɗinsa kafin irinsa a Tawa, sai fa in yana kusa da Jami'ar Djibo Hamani ko ofisoshin gwamna, inda ɗalibai da ma'aikatan da aka turo ke neman wuri.

Inda Tawa ke da rinjaye na gaske shi ne ginin laka mai rigar siminti. Dutse yana nan birjik a Adar, maginan laka ba su ƙare ba, ɗakin kuma ya fi na bulo sanyi a watan Afrilu. Sharaɗinsa uku: harsashin dutse da ya ɗago aƙalla santimita 40 daga ƙasa, indararo mai tsawo da ke jefa ruwa nesa da gindin bango, da ragar waya da aka kafe da ƙusa kafin a yi yaɓen siminti. In babu ragar, siminti ba ya kama laka. Damana biyu ko uku zai kumbura ya rabu da bango, ruwa ya riƙa shiga ta bayansa ba a gani.