Ranar da Kawu ya taya ni duba takardun ɗalibai

Bari in fara da tona wa kaina asiri. Na yi shekaru ina koyar da darasin sana'a da kasuwanci a wata jami'a a nan Arewa, amma har ranar da aka ɗora mini kwas ɗin, ko allura ban taɓa sayarwa ba. Tattalin arziki na karanta. Da aka zo rabon kwasa-kwasai, shugaban sashe ya duba ya ga ni ne ƙarami kuma ba ni da bakin musu, sai ya ce, "Malam, ai kasuwanci da tattalin arziki Ɗanjuma ne da Ɗanjummai." Haka na wayi gari malamin 'yan kasuwa.

Yadda na tarar ana yi, haka na ɗora. Ma'anar ɗan kasuwa, siffofinsa, matakan kafa kamfani, su haddace su zuba mini a jarrabawa. Ƙarshen zango kuma kowa ya rubuto tsarin kasuwancin da zai yi in ya gama karatu, a buga a kwamfuta, a yi masa bango mai sheƙi. Ni kuma in raba maki. Ba wanda ya taɓa kai ƙarata, ni ma ban ga aibun abin ba.

Bayan an janye yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na wata takwas a Oktoban 2022, aiki ya taru mana kamar me. Wata Juma'a da yamma ina zaure, takardu sun kewaye ni, sai ga Kawu, ƙanin mahaifiyata. Yana da shago a kasuwar Kantin Kwari ta Kano, atamfa da shadda da leshi. Tun bai fi shekara goma sha huɗu ba aka kai shi kasuwar yaron shago, karatunsa na allo ne, amma lissafin da zai yi da ka kafin ka lalubo kalkuleta a waya ya gama. Ya zauna, aka kawo masa ruwa, ya nuna tulin takardun da haɓa.

"Malam na boko, wannan kuma na mene ne?"

Na ce kasuwancin da yara za su yi ne suka tsara. Ya gyara zama, ya ce in karanto masa ɗaya. Na zaɓo wanda na fi ba maki, na wani yaro da zai buɗe gidan kaji. Jari naira miliyan 5, kaji 2,000, kullum ƙwai kiret kaza, shekara na zagayowa ya mayar da kuɗinsa har da riba. Ina karantawa ina fassarawa, ina jin daɗin yadda jadawalin ya tsaru.

Kawu ya saurara har na kai aya. Sai ya ce, "To madalla. Kaza nawa ce za ta mutu?"

Na duba. Babu.

"Wa zai ɗauki ƙwai bashi ya ɓace?"

Babu.

"Shi yaron ba ya cin abinci ne? In uwarsa ta kwanta asibiti, daga wane aljihu za a ciro? Miliyan biyar ɗin ma a ina ya tsinto ta?"

Na ce an rubuta rancen banki. Ya yi dariya har da tari. Ya ce shekararsa arba'in a Kwari, bai taɓa ganin bankin da ya ba yaro marar ko teburi miliyan biyar don ya iya Turanci ba. Ya miƙe zai tafi masallaci, yana saka takalmi ya ce, "Ka ba shi makinsa, ya iya tatsuniya."

Maganar nan ta hana ni barci, don na san ba yaron ya zaga ba.

Shi dai wannan darasi ba mu muka ƙirƙiro shi ba. A 2006 gwamnatin tarayya ta ba da umarnin a wajabta shi a manyan makarantu, aka fara daga zangon 2007/2008, hukumar NUC na kula da jami'o'i, NBTE na kula da kwalejojin fasaha, NCCE kuma kwalejojin ilimi. Dalilin a fili yake: masu digiri sun yi wa aikin gwamnati yawa. A 2012 hukumar NYSC ta kawo nata shirin koyar da sana'a mai suna SAED a sansanonin masu yi wa ƙasa hidima. A Disamban 2022 NUC ta fito da sabuwar manhaja, aka sake jaddada darasin, kwas ɗaya a aji biyu, ɗaya a aji uku. Niyya kam ba laifi. Amma da abin ya iso aji, sai ya rabu biyu. Rabi ya zama hadda, rabi ya zama haɗa sabulun ruwa da man shafawa a cikin bokiti, mutum ɗari sun yi da'ira suna leƙe, a ɗauki hoto a watse. Ban raina sabulun ruwa ba, akwai matan da yake riƙe wa gida. Sai dai iya haɗa abu daban, iya sayar da shi ka tsira da uwar kuɗinka daban, kuma na biyun ne ba ma koyarwa.

Abin kunyar ma, a ƙasar da ta daɗe da tata makarantar muke yin wannan. Alhassan Dantata, wanda ya rasu a 1955, fataucin goro ya taso yana yi tsakanin Kano da Gwanja, a Ghana ta yanzu, kafin jirgin ƙasa ya iso Kano cinikin gyaɗa ya buɗe. Ba a aji ya koya ba, kuma mutanen da suka koya a hannunsa ba a aji suka koya ba. Tsarin sananne ne: ka zauna da ubangida, ka share shago, ka ɗauko kaya daga sito, ka ji yadda ake cewa "albarka" ba tare da an kori mai saye ba, ka gane dillalin kirki da na banza. Sannu a hankali a fara aikenka da kuɗi. In an ga amanarka a sallame ka da jari, ko a ba ka kaya ka juya a raba riba, abin da malaman fiƙihu ke kira ƙiradi. Duk wannan yana nan da ransa, tafiyar adaidaita sahu ɗaya daga makarantu da yawa, amma ko sau ɗaya ban taɓa ambatarsa a lacca ba.

Da zango ya zagayo a tsakiyar 2023, na soke rubutun tsarin kasuwanci. Na ce su rabu goma-goma, kowa ya kawo naira 2,000, su juya kuɗin sati shida. Sharaɗi ɗaya: littafi mai falle sittin, a rubuta duk kwabon da ya shiga da wanda ya fita, da wanda ya ci bashi da ranar da ya ci. Na ce makina yana kan littafin, ba kan riba ba. Wanda ya faɗi ya iya nuna mini inda kuɗin ya bi zai fi wanda ya ci riba bai san ta ina ta zo ba.

Hayaniya ta tashi. Wasu suka ce ko kuɗin mota ba su da shi, kuma gaskiyarsu ce, lokacin ba a daɗe da cire tallafin mai ba. Na rage wa wasu, wasu kuma abokansu suka saka musu bisa sharaɗin su za su riƙa yin tallan. An ma kai gulmata sama cewa ina karɓar kuɗi a hannun ɗalibai. Allah Ya taimake ni ko sisi bai bi ta hannuna ba.

'Yan kunun aya ne suka fara zuwa da kuka. Sun lissafa aya, dabino, kwakwa, sukari da robobi. Ba su lissafa wuta ba. Rana ta uku aka ɗauke ta tun dare, kunu roba sittin ya yi tsami kafin azahar. Daga nan suka koma sayen ƙanƙara, suka ga ta cinye rabin ribar, suka rage yawan abin da suke damawa zuwa wanda zai ƙare kafin ƙarfe biyu. Na shekara ina rubuta wa ɗalibai "haɗarin kasuwanci" a allo, ban taɓa ganin ya shige su kamar yadda warin kunun nan ya shigar da shi ba. Masu sayar da data kuwa ciniki ya yi ciniki, sai dai da aka buɗe littafi kusan rabinsa sunayen abokai ne da "zan turo anjima". Shugabansu ya ce, "Malam, kunya ce ta karya mu."

Amma wadda ta fi tsaya mini a rai wata ɗaliba ce 'yar aji uku, matar aure, da ta daɗe tana sayar da atamfa da mayafai ta WhatsApp. Ita a ganinta ta wuce wannan wasan yaran, ta ma nemi in bar ta ta rubuta littafin a kan kasuwancinta na gaske. Na yarda. Sati na huɗu ta same ni a ofis, littafin a hannu, fuska ba walwala.

"Malam, akwai abin da ban gane ba. Kowane turmi na ci riba a kansa, ga shi a rubuce. Amma da turmi ashirin na fara, yanzu kuɗin hannuna sha shida kawai za su saro."

Muka bi layi-layi. Kashi ɗaya na ɓarnar a gida take: kuɗin cefane ranar da maigida bai bari ba, anko na bikin ƙawa, kati, duk daga asusu ɗaya da na ciniki. Wannan na gano da kaina. Ɗaya kashin sai da na kira Kawu a waya. A Yunin shekarar aka saki naira ta nemo darajarta a kasuwa, dala ta yi ta hawa, kaya na tashi kusan kowane mako. Ita kuma tana ɗora ribarta a kan farashin da ta saro. Kawu ya ce in ba ta wayar. Ina jin muryarsa daga inda nake zaune: "'Yata, ba kuɗin da kika saro za ki duba ba, kuɗin da za ki sake sarowa za ki duba. Kafin ki faɗi farashi, bugo kasuwa ki ji yadda aka wayi gari. Kuma ki daina ƙirga dukiyarki da naira, ki ƙirga ta da turmi." Na karanta hauhawar farashi har na rubuta jarrabawa a kai, amma ban taɓa iya faɗarsa a jimla uku haka ba.

Kada a ɗauka na koma cewa kasuwa ta fi jami'a komai. Na ga ramukan tsarin su Kawu da idona. Akwai yaran da suke tsufa a shago ana ta yi musu alƙawarin sallama, don ba a rubuta komai ba. Akwai manyan shaguna da suke mutuwa ranar da aka raba gado, saboda duk lissafin yana kan mamaci, ba wanda ya san wa ake bi, wa ke bi. 'Ya'ya mata kuwa ba kasafai ake kai su zaman shago ba, su da suka fi kowa juya ƙaramin jari a cikin gida da adashi. A nan ne muke da abin bayarwa: riƙe littafi, raba asusun gida da na ciniki, rajistar sunan kasuwanci a hukumar kula da kamfanoni ta CAC, rubuta yarjejeniya ko da ɗan'uwanka ne. Wannan na ƙarshen ma ba boko ne ya kawo shi ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Na taɓa tuna wa Kawu, ya yi shiru, sannan ya ce ai shi ma yana rubutawa, a bayan kwalin shadda.

Ba kuma zan ce na gano magani ba. Ɗalibai sun haura ɗari shida, ni kaɗai. Littafi sittin da ɗoriya ba ya dubuwa yadda ya kamata, kuma na kama ƙungiyoyi biyu da suka zauna dare ɗaya suka cika nasu da biro iri ɗaya, ba ko ɗigon mai a jikin takardar. Littafin gaskiya ana gane shi, duk ya yi daƙal-daƙal.

Ƙarshen zangon na roƙi Kawu ya zo ya yi musu magana. Da na nemi makaranta ta ba shi ko kuɗin mai, aka ce a kawo takardun shaidar karatunsa. Ban gaya masa wannan ba. Ya zo da kansa cikin farar shadda, ya ƙi hawa dandamali, ya tsaya a ƙasa ya yi minti arba'in da Hausa, wani ɗalibi na fassara wa waɗanda ba sa ji. Wani ya tambaye shi yadda ake samun jari. Ya ce shi jarinsa na farko dila ɗaya ce da ubangidansa ya ba shi ba tare da ya ajiye ko kwabo ba, bayan shekara tara yana kallon hannunsa.

Da muka fito ina raka shi mota, zafi ya ishi kowa, ɗalibai na ta tuɗaɗowa daga ɗakin laccar suna fifita da littattafai. Kawu ya tsaya yana kallonsu, na ɗauka zai yaba ne ko ya yi musu addu'a. Sai ya kama hannuna ya rage murya.

"Malam na boko, duk wannan jama'ar, wa ke sayar musu da ruwa?"