Maganin ciwon gwiwa ya kusa rusa mini wahalar tafiyar asuba

Saboda hawan jini, likita ya ɗora ni a kan maganin lisinopril da ƙwayar nan mai sa yawan fitsari, ya ce in haɗa da tafiya da sauri, minti 150 a mako, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara. Da an idar da sallar asuba sai in miƙe titi in yi rabin awa kafin rana ta fito. Uwargida kuma ta rage gishiri da dunƙule a miya. Awo ya sauko ƙasa da 140/90, har na fara yi wa abokai wa'azi a majalisa.

Sai gwiwa ta fara ciwo. Na leƙa kemis ɗin unguwa, yaron shagon ya miƙo mini diclofenac, ko tambayar wane magani nake sha bai yi ba. Ciwo ya tafi, na ƙara nisan tafiya, ina ta jin daɗi. Da na koma asibiti jini ya hau, ƙafafu sun ɗan kumbura. Ga magani ban fasa ba, ga tafiya ban fasa ba!

Likitar da na samu ta duba ledar magungunana, ta zaro katin ta ce, "Baba, wa ya ba ka wannan?" Ashe diclofenac da ibuprofen da danginsu suna sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, su rage wa maganin hawan jini ƙarfi. Haɗa su da lisinopril da mai sa fitsari kuwa ƙoda ce ke shan wahala, musamman ga wanda ke zuba gumi a zafin nan namu. Sai da aka yi mini gwajin ƙoda. Alhamdulillahi an tare abin da wuri, amma kuɗin gwajin har yau yana yi mini ciwo.

Abin da ke ba ni haushi, kowa na faɗin gishiri, kowa na faɗin motsa jiki, babu mai ambaton wannan ƙwayar da ake sayarwa kamar alewa. Ga shi wanda ya fara tafiya da girma sau da yawa gaɓoɓi kan yi masa tsami.

Yanzu paracetamol nake sha in ciwon ya motsa, na sayi takalmi mai taushi, na bar kwalta na koma filin makaranta. Yaron kemis kuma duk abin da ya miƙo sai na ce masa ina da hawan jini, in karanta sunan da ke jikin katin kafin in biya.