Kafin Ka Cusa Sabar a Cikin Manhajarka

Wani yaro da ke koyon aiki a wurina ya nuna min manhajar lissafin kantin magani da ya haɗa. Ina leƙawa sai ga XAMPP, wato kunshin sabar yanar gizo da rumbun bayanai, sukutum a ciki, har da phpMyAdmin, shafin da ake sarrafa rumbun bayanan da shi. Shi yana ta washe baki, ni kuwa gabana na faɗuwa.

Irin wannan ɗanyen aikin na taɓa yi wa wata makaranta. Manhajar sakamakon jarrabawa ce, danna ta ke da wuya sabar Apache za ta tashi a ɓoye, burauza ta buɗe localhost, wato adireshin kwamfutar ita kanta. Ba wauta ce zalla ba fa: makarantar ba ta da intanet, ni kuma PHP kaɗai na iya, me ake so in yi? Ranar farko ta ƙi tashi, ashe tsohuwar Skype da ke kwamfutar ta riga ta kama ƙofa ta 80, wato lambar da sabar ke sauraron buƙatu a kai. Na mayar 8080, na ji ni gwani ne. Aka ɗauke wuta ana tsakiyar shigar da maki, teburin bayanai ya lalace, na kwana ina gyara. Wannan dai ba laifina ba ne. Wanda ke cina har yau shi ne na bar sabar tana sauraro a 0.0.0.0, wato a buɗe ga sauran kwamfutoci, ga kuma root, babban asusun rumbun bayanan, ba kalmar sirri. Duk kwamfutar da ke kan layin makarantar tana iya shiga. Wani ɗalibi ya gano, makin lissafinsa ya tashi dare ɗaya. Shugaban makarantar bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi, "Malam, amana muka ba ka."

Ko manya sun faɗa ramin nan. A 2019 aka gano Zoom na Mac yana girka ƙaramar sabar a ƙofa ta 19421, wadda ke zama ko an goge manhajar, sai da Apple ya tura sabuntawa ya cire ta.

Shawarata kada ka yi. To, in ya zama dole, yi, amma ɗaure ta a 127.0.0.1, adireshin da kwamfutar kaɗai ke iya kaiwa gare shi. Nemi ƙofa ta 0, tsarin kwamfutar zai ba ka wadda ba kowa a kai. Ko a hakan, shafin intanet da aka buɗe a burauza na iya aika mata buƙata, don haka kowace buƙata ta zo da lambar sirrin da manhajar ta ƙirƙira lokacin tashi. Kanti ɗaya, kwamfuta ɗaya, SQLite, rumbun bayanan da ba ya buƙatar sabar, ta ishe ka. In an rufe manhaja, sabar ma ta mutu.

Ku yaran yanzu sai kwafo umarni daga YouTube, ko netstat ba ku taɓa bugawa ba ku ga me ke sauraro a kwamfutarku. Nawa yaron cewa ya yi ai tana aiki. Na ba shi zuwa Juma'a ya cire phpMyAdmin, in ba haka ba ba zai kai ta kantin nan da sunana ba.